Makusantan Banki da Ladan Shugabanninsa: Matsalar Keɓaɓɓun Kalmomi a Hausar Kafanchan da Kewayenta

1.0 Gabatarwa

A watan Fabrairu na shekarar 2025 Babban Bankin Nijeriya ya aika wa bankunan ƙasar nan da takardar umarni a kan basussukan da shugabannin banki kan ci daga bankin da suke riƙe da shi. Takardar ta ce duk daraktan da irin wannan bashi nasa ya ƙi biyuwa ya sauka daga kujerarsa nan take. Ta kuma ba bankuna wa'adin kwana 180 su mayar da sauran basussukan cikin haddin da doka ta yanka, wato kada abin da ake bin darakta ɗaya ya wuce kashi 5 cikin 100 na jarin da masu hannun jari suka zuba, kada kuma jimillar abin da ake bin dukkan mutanen ciki ta wuce kashi 10. Da Ingilishi aka rubuta takardar, kamar yadda aka saba. Amma da yawa daga cikin waɗanda kuɗinsu ke ajiye a bankunan Arewa da Hausa suke tattauna harkar kuɗinsu, kuma duk mai fassarar da wannan takarda ta zo hannunsa zai tsaya cik a kan tambayoyi biyu: yaya ake kiran mutanen da dokar ke nufi, kuma yaya ake kiran abin da ake biyan su?

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana abin da dokokin banki ke nufi da waɗannan abubuwa biyu, sannan ta auna kalmomin da Hausa take da su a kansu. An zaɓi Kafanchan da kewayenta a Kudancin Jihar Kaduna don a nan ne matsalar ta fi fitowa fili, saboda Hausa a wannan yanki harshen haɗin gwiwa ce tsakanin al'ummu masu tsarin dangantaka daban-daban. Misalan jumlolin da za a kawo ƙagaggu ne don bayani, ba su shafi wani banki ko wani mutum ba.

2.0 Abin da Doka ke Gudu

Banki da kuɗin mutane yake sana'a. Abin da masu hannun jari suka zuba kaɗan ne in an gwada shi da abin da masu ajiya suka kawo. Don haka idan wanda aka damƙa wa amanar raba bashi ya ba kansa, ko matarsa, ko kamfaninsa, to mai roƙo da mai bayarwa sun zama mutum ɗaya, babu mai tambayar jingina, babu kuma mai zuwa biyo bashin in lokaci ya yi. Haka nan idan shi ne mai yanka wa kansa albashi. Hanyoyi biyu ke nan da kuɗin ajiya kan bi su zurare zuwa aljihun shugabanni ba tare da an fasa ƙofa ba, shi ya sa littattafan akanta kan haɗa su a babi ɗaya.

Tarihin bankunan Nijeriya cike yake da shaida. Dokar Bankuna mai lamba 25 ta 1991 ta hana ba darakta bashin da ya wuce N50,000 ba jingina sai da iznin Babban Banki. Duk da haka gwamnatin soja ta ga tilas ta kafa kotuna na musamman a ƙarƙashin Doka mai lamba 18 ta 1994 don ƙwato basussukan bankunan da suka durƙushe, kuma a watan Janairu na 1998 aka soke lasisin bankuna 26 a rana ɗaya. Ranar 14 ga Agusta, 2009, Gwamnan Babban Banki na lokacin, Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya tuɓe shugabannin bankuna biyar, wato Afribank da Finbank da Intercontinental da Oceanic da Union, aka zuba musu naira biliyan 420 don kada su faɗi da kuɗin jama'a. A Oktoba ta 2010 kotu ta ɗaure tsohuwar shugabar Oceanic, Cecilia Ibru, wata shida, aka kuma karɓe dukiyar da ta haura naira biliyan 190 daga hannunta. A Afrilu ta 2021 Babban Banki ya rushe hukumar daraktocin First Bank, ya kuma ambaci basussukan mutanen ciki a cikin dalilansa. Dokar 2020 ce ta maye gurbin ta 1991, a kanta kuma takardar da aka buɗe wannan maƙala da ita ta dogara.

3.0 Kafanchan, Hausarta da Bankunanta

Layin dogo ne ya raya Kafanchan. Tun da ta zama mahaɗar reluwe a 1927, ma'aikata da 'yan kasuwa daga kowane sashe suka taru a cikinta, har fadar Sarkin Jama'a ta ƙaura zuwa can a 1933. Kewaye da ita akwai Fantswam da Bajju da Atyap da Ham da Agworok da Gwong da Nikyob da Ninzo da sauransu, kowa da harshensa. Abin da ya haɗa su a kasuwa da tasha, har da majami'a, shi ne Hausa, musamman da yake mishan sun yi aikinsu da ita, aka kuma buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Hausar yankin tana da nata kamanni da masana suka daɗe da lura da irinsu a bakin masu Hausa a matsayin harshe na biyu: bambancin jinsi kan raunana, baƙaƙe masu ƙugiya kan koma marasa ƙugiya. Amma abin da ya shafe mu a nan shi ne ma'ana, domin kalma ɗaya ta dangantaka kan ɗauki faɗi iri-iri gwargwadon al'adar mai furta ta.

Irin bankin da ya fi kusa da talakan wannan yanki shi ne bankin al'umma, wanda aka buɗe na farkonsa, mai suna Alheri, a Tudun Wadar Kaduna a Disamba ta 1990, kafin Doka mai lamba 46 ta 1992 ta ba tsarin gindin zama. An gina tsarin ne a kan sanayya. Ƙungiyar ci gaban gari ita ce ginshiƙin jarin, aka kuma ƙayyade hannun jarin mutum ɗaya don kada wani ya mallake bankin. Manomin da ba shi da takardar fili yana iya samun bashi saboda an san shi, an san gidansu, an san halinsa. Bayan manufar 2005 aka umarci waɗannan bankuna su rikiɗe su zama ƙananan bankuna kafin ƙarshen 2007, kuma da yawa daga cikin irinsu ba su kai labari ba: an soke lasisin 224 a faɗin ƙasa a 2010, aka sake soke na 179 a 2023.

Abin lura a nan shi ne, sanayyar da aka kafa bankin al'umma a kanta ita ce kuma abin da dokar makusanta take tsoro. A garin da shugaban hukumar banki da manaja da mai neman bashi duk majami'arsu ɗaya ko masallacinsu ɗaya, kuma an haɗa aure ta ko'ina, ina iyakar na ciki take? Tambayar ba ta ɗakin karatu kaɗai ba ce. A 2023 cuta ta faɗa wa gonakin citta a Kachiya da Jaba da Kagarko da maƙwabtansu, ta lalata amfanin shekara na ɗimbin manoma. A irin wannan shekara mai ajiya kan zo neman kuɗinsa daidai lokacin da mai bashi ya kasa biya, a nan ne kuma ake gane wanda aka ɗaga wa ƙafa da wanda aka tsare. Hukumar NDIC mai inshorar kuɗin ajiya ta ɗaga abin da take lamuncewa a ƙananan bankuna daga N200,000 zuwa naira miliyan 2 a 2024, amma abin da ya haura haka sai ya jira a sayar da kadarorin bankin.

4.0 Bashin Wa? Matsalar Nahawu

Tun kafin a kai ga dangantaka, kalmomin bashin kansu suna da tarko. Hausa ta bambanta *aro*, wanda ake mayar da ainihin abin, da *rance*, wanda ake mayar da kwatankwacinsa, da *bashi*, wanda ya fi kowanne faɗi. Sai dai saiwa ɗaya ce ke ɗaukar ma'anar karɓa da ta bayarwa, giredin aikatau kaɗai ke raba su:

(1) a. Darakta ya ranci kuɗi a banki.
b. Banki ya ranta wa darakta kuɗi.
c. Darakta ya ranta wa kansa kuɗin banki.

Jumla ta (1c) ita ce ainihin abin da doka ke magana a kai, kuma Hausa ta faɗe shi ƙarara fiye da yadda rahoton banki zai so. Rahotanni sun fi son siga maras aikau, wato “an bayar da rance”, inda *an* kan haɗiye sunan wanda ya sa hannu.

Tarko na biyu yana cikin harafin mallaka. Yankin suna kamar *bashin darakta* yana da harshen damo, domin yana iya nufin wanda ake bin sa, yana kuma iya nufin wanda shi yake bi. A zancen yau da kullum yanayi kan warware wannan. A rahoton shekara kuwa dukkan ma'anonin biyu suna iya zama gaskiya a shafi ɗaya, saboda darakta kan ci bashin banki, banki kuma kan riƙe kuɗin hayar gidan da ya kama daga hannun daraktan. Mafita ita ce a dawo da aikatau *bi*:

(2) a. bashin da banki ke bin daraktoci
b. bashin da daraktoci ke bin banki

Ya fi tsawo, amma ba ya barin kafa. Na uku shi ne *lamuni*. Kalmar daga Larabci take, ma'anarta ta farko kuwa tsaya wa wani, kamar yadda har yanzu ake ji a aikatau *lamunce*. Kafofin watsa labarai sun faɗaɗa ta har ta zama sunan bashin banki, wataƙila don ta fi *bashi* daɗin ji. A wannan fage faɗaɗawar tana da illa, domin dokar 1991 ta ambaci tsayawa a matsayin wata hanya ta daban: mutumin da darakta ya tsaya wa, bashinsa yana shiga lissafin daraktan. Idan *lamuni* ta zama bashi, da me za a kira tsayawar? A ganina, a rubutun banki ya kamata a bar wa *lamuni* ma'anarta ta asali.

5.0 Wane ne Makusanci?

5.1 Jerin doka da jerin Hausa

Ma'auni biyu ne ke aiki a bankunan Nijeriya. Na farko shi ne na dokar bankuna. Ta 1991 ta ce idan an ce darakta, to har da matarsa ko mijinta, da uba da uwa, da waɗanda suka fito tsatso ɗaya da shi maza da mata, da 'ya'yansa maza da mata, da kuma abokan auren waɗannan. Na biyu shi ne ƙa'idar akanta ta duniya mai suna IAS 24, wadda manyan kamfanonin Nijeriya suka soma bi tun 2012. Ita ta ambaci abokin aure ko abokin zama, da 'ya'yan mutum, da 'ya'yan abokin aurensa, da waɗanda ke dogara da su, ta kuma kafa sharaɗi mai faɗi, wato duk wani na iyali da ake tsammanin zai iya juya ra'ayin mutumin a harkar bankin, ko shi ya juya nasa. Ban da mutane, kamfanin da ɗaya daga cikinsu ke juyawa shi ma makusanci ne.

Idan aka ɗora wannan jeri a kan na Hausa sai a ga wani wuri ya yi rara, wani wuri ya yi giɓi. Inda Ingilishi ya buƙaci dogon bayani, Hausa tana da kalma ɗaya: ɗan matar mutum da ta zo da shi *agola* ne, wanda aka ɗauko ana reno *ɗan riƙo* ne, matan 'yan'uwa biyu *facaloli* ne. *Suruki* kuwa ta game sama da ƙasa, uban mata suruki ne, mijin 'ya ma suruki ne. To amma dokar 1991 ta kama mijin 'ya ta bar uban mata. Ke nan mai fassarar da ya rubuta “da surukansa” ya ƙara wa doka abin da ba ta ce ba, wanda ya bar kalmar kuma ya rage mata. Ana iya cewa ƙarin ya fi dacewa da rayuwarmu, tun da kunyar suruki ta fi kunyar ƙane nauyi, amma wannan gyaran aikin majalisa ne, bai hau kan mai fassara ba.

5.2 Ɗan'uwa

Babbar matsalar tana kan *ɗan'uwa*. Ta fuskar ƙira harɗaɗɗen suna ne, ɗa da uwa, wanda a zahiri ya fi kowace kalma ƙunci. Ta fuskar amfani kuwa babu wadda ta fi ta faɗi. Ɗan baffa ɗan'uwa ne, ɗan gwaggo ɗan'uwa ne, ɗan garinku da kuka haɗu a Legas ɗan'uwa ne. *Wa* da *ƙane* ma ba su tsaya ga ciki ɗaya ba. Masu ilmin gado sun ari *shaƙiƙi* da *li'abi* daga Larabci daidai saboda wannan, domin rabon gado ba ya yiwuwa da kalma mai roba. Amma waɗannan kalmomi na zauren malamai ne, ba lalle manomiyar citta a Kwoi ta taɓa jin su ba.

A Kudancin Kaduna faɗin ya ƙara faɗi. A majami'a mai wa'azi da *'yan'uwa* yake kiran dukkan masu sujada, kamar yadda liman ke kiran jama'ar masallaci. A taron ƙungiyar ci gaban ƙabila, duk mai jin harshen ɗan'uwa ne. Wanda tsarin danginsa ya ɗauki 'ya'yan zuri'a ɗaya a matsayin 'yan gida ɗaya, da wannan ma'auni zai cika kalmar Hausar in ya furta ta. Dubi wannan tambaya da za a iya sa wa a takardar neman bashi:

(3) Kana da ɗan'uwa a cikin shugabannin wannan banki?

Mai gaskiya ɗaya zai ce i, saboda shugaban hukumar ɗan ƙauyensu ne. Wani mai gaskiyar zai ce a'a, alhali manajan ƙanensa ne uba ɗaya, saboda a wurinsa wannan *ɗan uba* ne, kalmar da Hausa ta cika da kishi har ta haifi *'yan'ubanci*. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, amma takardar ba ta yi aikinta ba. Haka matsalar take ga *dangi*, wadda ba ta da iyaka, da *iyali*, wadda ta yi ƙunci, har a bakin wasu mazan mata kawai take nufi. Ƙa'idojin shugabancin bankuna da Babban Banki ya fitar a 2006 sun hana mutum biyu daga babban gida ɗaya su riƙe kujerar shugaban hukuma da ta manajan darakta a lokaci guda. Duk wanda ya fassara wannan da *dangi* a garin da kowa dangin kowa ne ya rufe bankin ke nan.

Shawarar da nake bayarwa ita ce a daina neman kalma ɗaya a wannan gurbi, a jera: “wanda kuke uwa ɗaya, ko uba ɗaya, ko duka biyu”. Wannan siga kowane mai jin Hausa ya san ta, ko a Zonkwa ko a Sakkwato.

5.3 Sunan rukunin gaba ɗaya

Saura sunan da zai game duka. Akwai *ɗan gida*, amma a bankin al'umma yabo ne, shi ne ma dalilin ba mutum bashi. Akwai *ɗan lele* da *shafaffe da mai* da *mai ɗaurin gindi*, amma duk sun riga sun yanke hukunci, alhali doka ba ta ce mu'amala da na kusa laifi ce ba, cewa ta yi a bayyana ta, a ƙayyade ta, a kuma yi ta bisa sharuɗɗan da za a gindaya wa bare. *Mai alaƙa* ta yi sako-sako, tun da kowane mai ajiya yana da alaƙa da bankinsa. Wadda ta fi dacewa ita ce *makusanci*, jam'i *makusanta*, sunan aikau daga *kusanta*. Ba ta yabo, ba ta zagi, ba ta kuma tsaya ga jini ba, don haka tana iya ɗaukar kamfani. Sai a keɓe *na-ciki* ga daraktoci da manajoji da manyan masu hannun jari su kansu, *makusanta* kuma ta game su da waɗanda suka rataya da su.

Amfanin rashin tsayawarta ga jini ya wuce batun kamfani. M. G. Smith, a nazarinsa na Zazzau, ya nuna yadda barantaka, wato dangantakar ubangida da yaronsa, take riƙe da sarauta da kasuwanci. Har gobe attajiri ya fi saurin sa sunan yaronsa a takarda da ya sa na ƙanensa, don yaro ba ya cin gado, ba ya kuma musu. Haka amini, da ƙawa, da uban ɗaki, da uban baftisma a wurin waɗanda ke da wannan al'ada. Babu ko ɗayansu a jerin dangin da doka ta kawo. A nan harshe ya fi doka gani, domin Bahaushe na jin an ce “na hannun damansa ne” ya san aljihun da kuɗin zai ƙare.

6.0 Albashi, Lada da Alheri

Ƙa'idar IAS 24 ta wajabta a bayyana jimillar abin da manyan shugabanni suka samu, a kuma kasa shi gida biyar: na kusa, kamar albashi da gida da mota da magani, na bayan barin aiki, kamar fansho, sauran na dogon lokaci, na sallama, da wanda aka biya da hannun jari. Ƙa'idojin Babban Banki na 2014, waɗanda na 2023 suka gaje su, sun taƙaita abin da daraktan da ba ma'aikaci ba zai karɓa ga kuɗin darakta da alawus ɗin zama da mayar masa da abin da ya kashe na tafiya da masauki, suka kuma hana daraktan da ke kan albashi karɓar alawus ɗin zama. A 2018 an fitar da makamantansu don ƙananan bankuna.

Ga ɗaiɗaikun abubuwan Hausa ba ta da talauci: *albashi*, *alawus*, *fansho*, *garatuti*, *kuɗin sallama*, *kamasho*, da *la'ada* ta dillali. Abin da babu shi ne uwar kalma da za ta tattara su. Dalilin rashin, a fahimtata, shi ne Hausa ta raba abin da mutum ke samu gida biyu, kuma ba ta son haɗa su. Gida na farko *haƙƙi* ne, wato gumin mutum, ana ƙirga shi, ana ƙara a kansa. Gida na biyu *alheri* ne, wanda ya ƙunshi *kyauta* da *ihsani* da *hasafi* da *tukuici* da *goro*, kuma ƙirga shi a bainar jama'a rashin ta-ido ne. Waɗannan kalmomi har alkibla suke da ita: *gaisuwa* sama take hawa, *hasafi* ƙasa yake sauka, *tukuici* kuma na ɗan aike ne. To motar da hukumar banki ta ba shugabanta mai barin gado, hawa ta yi ko sauka? Waɗanda suka bayar a ƙarƙashinsa suke, kuɗin kuma ba nasu ba ne. Da zarar an kira ta “ɗan alheri” ta fita daga littafi ta shiga zumunci, duk mai hannun jarin da ya tambayi kuɗinta sai a ce yana da baƙin ciki.

Tarihin kalmar *albashi* ga shugabanni yana da darasi a nan. Tun wajen 1911 aka soma kafa baitulmalin En'e a lardunan Arewa, aka yanka wa sarakuna da hakimai abin da za su riƙa karɓa duk wata a maimakon kason haraji, da nufin raba aljihun mai mulki da asusun jama'a. Wannan ya sa kalmar ta ƙanƙance ga abin da aka yanka. Saboda haka in aka fassara taken babin da “albashin shugabanni”, manaja yana iya faɗin adadi ɗaya, ya yi shiru a kan huɗu, bai kuma yi ƙarya ba.

*Lada*, wadda na sa a taken wannan maƙala don rashin wadda aka saba da ita, tana da nata aibi. A ƙasa tana nufin abin da ake ba ɗan dako ko ɗan ƙodago, a sama kuma sakamakon Lahira, kuma a Kafanchan Musulmi da Kirista duk sun san ta da wannan ma'ana ta biyu. *Sakayya* ta fi karkata ga ramuwa. Abin da nake ba da shawara a gwada shi ne *amfanin kujera*, bisa ƙirar *amfanin gona*. Manomi ya san amfanin gona bai tsaya ga dawa ba, har da kara da harawa, duk abin da ƙasar ta bayar. Haka amfanin kujera zai ɗauki albashi da gida da mota da bashi mai rangwamen ruwa da kyautar sallama, ba tare da tambayar ko haƙƙi ne ko alheri ba. Na guje wa *amfanin muƙami* ne saboda kusancinta da “amfani da muƙami”, wanda zargi ne.

7.0 Gwaji

Cibiyoyin nazarin harsuna sun yi aiki a kan kalmomin nahawu da adabi, kamar ƙamusun keɓaɓɓun kalmomin da Dalhatu Muhammad ya tace a 1990, an kuma yi na kalmomin majalisa a 1991. Babban Banki kuwa ya sa ƙimar ƙananan takardun naira da Hausar boko da Ibo da Yarabanci tun 2007. Amma dokar da ke tsare nairar ba ta bi sahu ba. Ga yadda sakin layi ɗaya na rahoton shekara zai iya fitowa in an bi shawarwarin da suka gabata:

(4) A wannan shekara bashin da banki ke bin na-ciki da makusantansu ya kai naira kaza, wanda ya yi daidai da kashi kaza na jari. Daga ciki, naira kaza ta ƙi biyuwa. Daraktoci sun lamunce wa mutum kaza. Jimillar amfanin kujera na daraktoci da manajoji naira kaza ce, wato albashi kaza, alawus ɗin zama kaza, gida da mota kaza, sallama kaza.

Wurin auna wannan shi ne babban taron shekara na masu hannun jari a wani ƙaramin banki, inda tsohon ma'aikacin reluwe da malamar firamare da dillalin citta za su zauna a benci ɗaya, wani Bajju, wata Ham, wani Bahaushe. A karanta musu (4) da baki, sannan a tambayi kowannensu daban ya lissafa waɗanda yake ganin kalmar *makusanta* ta kama a gidan shugaban hukumar. Idan jerin ukun suka saɓa, sai a ƙara wa sakin layin jumla guda mai ambaton mata da miji, da iyaye, da 'ya'ya da agololi, da waɗanda ake uwa ɗaya ko uba ɗaya, da abokan aurensu, da kamfanoninsu. Ina kuma tsammanin aƙalla ɗaya daga cikin ukun zai sa sunan yaron shagon shugaban a jerinsa, kuma manaja zai amsa masa cewa jerin dangin da doka ta kawo bai ambace shi ba.